Kunkuru Mai Cafka: Wa Ke Ciyar da 'Ya'yansa?

  

Yau shirinmu na halittun Allah zai tsallaka teku. Za mu je Arewacin Amurka, wato Kanada da ƙasar Amurka, mu leƙa wani kunkurun ruwa da mutanen can suke jin tsoronsa. A cikin shirin nan za mu riƙa kiransa kunkuru mai cafka. Za mu fara da halinsa. Mu ɗan taɓa cimarsa. Sannan mu daɗe a kan 'ya'yansa, domin a nan maganar take. Ga tambayar da nake so ku riƙe tun yanzu: idan 'ya'yan wannan kunkuru suka ƙyanƙyashe, wa ke ba su abinci? Ku riƙe ta, za mu zo kanta.

To, bari mu fara da halinsa.

Kun san kunkurunmu na tudu. Idan yaro ya taɓa shi, me yake yi? Sai ya janye kai, ya janye ƙafafu, ya shige ƙoƙonsa ya yi lamo har a gaji a tafi. Kunkuru mai cafka ba shi da wannan gata. Ƙoƙon bayansa babba ne. Amma na ƙirjinsa ɗan ƙarami ne, siriri, bai rufe masa cinyoyi ba, bai rufe masa wuya ba, bai rufe gindin wutsiya ba. Ko ya so ya ɓuya, babu inda zai shige gaba ɗaya. Ku lura da wannan da kyau, jama'a. Babu inda zai shige. Duk halinsa daga nan ya samo asali.

Babbansa, tsawon ƙoƙon bayansa yakan kai santimita 20 zuwa 45. Nauyinsa kilo 5 zuwa 16, kuma an taɓa kama wanda ya wuce kilo 30. Wutsiyarsa doguwa ce mai zarto-zarto a sama. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Baki gare shi mai kaifi, mai lanƙwasa a gaba. Wuyansa kuwa dogo ne ƙwarai, kuma yana harba shi gaba cikin ƙiftawar ido.

Idan ka ci karo da shi a kan tudu, ba zai iya gudu ya tsere maka ba, ba zai iya ɓuya ba. Sai ya juyo ya fuskance ka. Ya ɗaga bayansa. Ya buɗe baki yana huci. Wani lokaci ya saki wani wari daga jikinsa. Idan ka matso, ya kai cafka. Cizonsa yana yanka nama, yana iya yi wa yatsa mummunan rauni. Wannan gaskiya ne, ba na rage masa komai.

Amma ku same shi a cikin ruwa. A can wata halitta ce daban. Da ya ji motsin mutum sai ya sulale, ya nutse cikin laka. Mutanen can suna iyo a tafkunan da ke cike da irinsa shekara da shekaru, kuma da wuya a ji ya tari wani da cizo a ruwa. Me ya sa? Domin a ruwa yana da hanyar tsira. A tudu ba shi da ita. Ni dai a ganina, an zalunci wannan dabba da aka laƙaba mata mugunta. Tsoro ne yake sa shi faɗa. A ruwa gudu, a tudu faɗa, kuma duka biyun tsoro ne.

Ina yake zaune? Daga kudancin Kanada har zuwa jihohin Fulorida da Tekzas, daga gaɓar tekun Atilantika har zuwa gindin duwatsun Roki. Ya fi son ruwa mai kwanciya, mai laka a ƙasa, mai ciyayi: fadama, tafki, kududdufi, rafi marar gudu. Can arewa, idan hunturu ya shigo, saman tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara. Kunkurun yana ƙasa, kwance cikin laka, wata da watanni bai leƙo ya shaƙi iska ba. Jikinsa ya yi sanyi, bugun zuciyarsa ya ragu ƙwarai. Ɗan abin da yake buƙata na iska yana tsotsarsa daga ruwan, ta fatarsa da ta cikin maƙogwaronsa. Ikon Allah ke nan.

Sai mu shiga kashi na biyu, cimarsa. Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba.

Kusan duk abin da ya samu ci yake yi. Kifi, kwaɗo, ƙwarin ruwa, katantanwa, tana, maciji. Idan ya samu ɗan agwagwa yakan kama, kuma wannan ne ya ƙara ɓata masa suna wurin masu kiwo da mafarauta. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, kaso mai yawa na abin da ke cikinsa ganye ne, ciyayin ruwa da gansakuka. Yana kuma cin mushe. Kifin da ya mutu ya nutse, dabbar da ta faɗa ruwa ta ruɓe, shi ne yake kwashewa. Wato yana cikin masu tsabtace tafki.

Bai cika bin abinci da gudu ba. Yakan binne kansa a laka inda ruwa bai da zurfi, ido da hanci kaɗai a waje. Idan yana son iska, sai ya miƙa dogon wuyan nan zuwa sama, ya shaƙa, ya dawo. Ya jira. Abin da ya gifta, ya cafke.

Yana da wani ɗan uwa da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, a kogunan kudu maso gabashin Amurka, irin su Misisipi. Babban namijinsa yana iya wuce kilo 70. Shi wannan, a kan harshensa akwai wata 'yar tsoka ja mai kama da tana. Sai ya kwanta a ƙasan kogi, ya wangale baki, ya riƙa motsa ta. Kifi ya zo cin tana, ya tarar da kansa a cikin baki. Na kawo shi ne don ku san akwai shi. Mu koma kan namu.

Yanzu mun zo kashi na uku, wanda na ce za mu daɗe a kansa. Ƙwai da 'ya'ya. Wanda ya tashi ɗauko ruwa, ya dawo ya zauna.

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuli, macen takan fito daga ruwa. Wannan ne kusan lokaci ɗaya tilo a shekara da za ta yi doguwar tafiya a tudu. Tana neman ƙasa mai laushi, mai yashi ko tsakuwa, inda rana take bugawa sosai. Idan ta samu, sai ta haƙa rami da ƙafafunta na baya. Ta zuba ƙwai, yawanci 20 zuwa 40, farare, kewayayyu. Ta mayar da ƙasa ta rufe. Ta juya ta kama hanyar ruwa.

Shi ke nan. Ba ta dawowa.

Bari in maimaita. Ba ta dawowa. Ba ta kwanci a kansu. Ba ta gadinsu. Ranar da za su ƙyanƙyashe ba ta nan. Ko da wata rana ta haɗu da ɗanta a cikin tafki, ba za ta san nata ba ne.

Ku dubi kazar da ke tsakar gidanku. Ta yi kwanci kwana 21. Ta fito da 'yan tsaki. Tana tona ƙasa tana kiransu, ta ga shaho ta buɗe fukafukai su shige. Mu da muka saba ganin haka, idan aka ce uwa ta binne ƙwai ta tafi abinta, sai zuciya ta ce ai wannan sakaci ne. A'a. Kowace halitta da tsarin da aka yi mata. Ko uwar kada, wadda take gadin ramin ƙwai, ta tone 'ya'yan ta kai su ruwa a cikin bakinta, ba ta sa musu abinci a baki. Kunkuru kuwa ko gadin ma babu. Kififiyarmu ta nan gida ita ma haka take yi, ta binne ƙwai a yashin bakin ruwa ta koma.

To wa ke kwanci? Rana. Zafin ƙasa ne yake dafa ƙwan har ya nuna. Yakan ɗauki kamar wata 2 zuwa 4, gwargwadon zafin shekarar. Kuma ga wani abin mamaki. Zafin ramin ne yake yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace. Idan zafin ya tsaya tsaka-tsaki, wajen digiri 23 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, yawancinsu maza za su fito. Idan ya hau wajen digiri 30, mata. A rami ɗaya ma, ƙwan da ke sama kusa da rana zai iya ba da mace, na ƙasa ya ba da namiji. Shi ya sa masana suke sa ido a kan ɗumamar yanayi. Idan ƙasa ta ci gaba da zafi, lissafin maza da mata zai iya karkacewa.

Amma yawancin ramukan ba sa kaiwa ranar ƙyanƙyasa. Akwai wata dabbar dare a can mai suna rakun, mai hannaye kamar na mutum, gwanar tono. Akwai bodarin can, akwai yanyawa. Suna bin ƙamshin sabuwar ƙasa, sau da yawa a daren farko ko na biyu. Da safe sai a ga rami a buɗe, ɓawon ƙwai a warwatse. A wurare da dama, cikin ramuka 10, da kyar 2 ko 3 suke tsira.

Waɗanda suka tsira, wajen ƙarshen Agusta zuwa Oktoba sai su fara fitowa. Kowane ɗa yana da wani ɗan tsini a kan hancinsa. Da shi yake fasa ɓawon, bayan 'yan kwanaki kuma tsinin ya faɗi. Tsawon ƙoƙonsa bai wuce santimita 3 ba. Baƙi ne, ƙoƙon da laushi, wutsiya ta kusa fin jikin tsawo.

Yanzu ga amsar tambayarmu. Wa ke ba shi abinci?

Idan ka juya ɗan kunkurun da ya fito yau, za ka ga wani ɗan ƙullutu rawaya a tsakiyar cikinsa. Ragowar gwaiduwar ƙwai ce. Ita ce guzurinsa. Uwar ta riga ta zuba masa abincin kwanakinsa na farko tun yana cikin ƙwai. Jikinsa zai riƙa tsotsar wannan gwaiduwa a hankali, kwanaki da dama, har ta shanye wurin ya rufe. A cikin waɗannan kwanaki ba ya buƙatar cin komai. Wannan ita ce ciyarwar uwa gaba ɗaya: gwaiduwa, da zaɓen wuri mai kyau.

Daga nan shi zai ciyar da kansa. Da ƙafarsa zai nemi ruwa. Ya samu gefe marar zurfi, mai ciyayi, ya laɓe. Ya fara kama 'ya'yan sauro da sauran ƙwarin ruwa, da talibambam, da ƙananan katantanwa, da tana, da 'yan mitsi-mitsin kifi. Babu wanda ya koya masa. Da iyawarsa ya fito. Yana ƙarami ya fi cin nama, yana girma yana ƙara ganye.

Kuma yana farauta ana farautarsa. Zalɓe yana tsince shi. Hankaka yana ɗauke shi tun bai kai ruwa ba. Babban kifi, babban kwaɗo, macijin ruwa, har manyan kunkuru irinsa, duk suna cin sa. A can arewacin yankinsu, masana sun kiyasta cewa cikin ƙwai 1,000, da kyar ɗaya yake rayuwa har ya balaga.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan kunkuru mai cafka na Arewacin Amurka. Mun ce uwar ba ta ciyar da 'ya'yanta. Gwaiduwa ce guzurinsu, daga nan su nemi na kansu.

Kashi na huɗu: idan ɗan kunkurun ya faɗo hannun mutum fa?

Wannan yana faruwa. A kusa da garin Peterborough a lardin Ontariyo na Kanada, akwai asibiti guda na kunkuru zalla. Ana kai musu waɗanda mota ta taka. Su ɗaure ƙoƙon da ya tsage, su yi jinya har ya warke. Idan macen ta mutu da ƙwai a cikinta, sai su ciro ƙwan, su sa a na'urar ɗumi har su ƙyanƙyashe. Sannan su mayar da 'ya'yan ruwan da ya fi kusa da inda aka tsinci uwar.

Masu irin wannan aiki sun san ƙa'idojin ciyarwa, kuma akwai darasi a ciki. Da farko, idan ɗan ya ƙi cin abinci a makon farko, ba a ɗura masa. Gwaiduwar ba ta ƙare ba. Sannan a cikin ruwa ake ba shi, domin a ruwa yake haɗiya. Ruwan kuma kada ya yi zurfi. Ya zama yana tsaye a ƙasa, ya miƙa wuya hancinsa ya fito. Ɗan kunkurun nan ba gwanin iyo ba ne, ya fi tafiya a ƙasan ruwa. A sa shi a ruwa mai zurfi babu abin hawa, zai gaji ya nutse ya mutu. Kunkurun ruwa, ruwa ya ci shi. Yana faruwa.

Abincin kuwa, irin wanda zai samu a daji ake kwatantawa. Tana, gyare, katantanwa, ƙaramin kifi ɗungurungum da ƙashinsa. Me ya sa da ƙashinsa? Saboda sinadarin kalsiyam, wato abin da ke gina ƙashi. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne. Wanda ya riƙa yanka masa tsokar nama zalla, zai ga yana ci da marmari, amma ƙoƙon zai yi laushi ya karkace. Yana kuma buƙatar hasken rana, ko fitila ta musamman mai ba da irin haskenta, domin jiki ya iya amfani da kalsiyam ɗin. Kuma ba a cika masa ciki. Wannan dabba ba ta cewa ta ƙoshi. Ana ba shi kaɗan kullum yana jariri, yana girma ana tsallake kwana. Ragowar abinci a kwashe kafin ya ɓata ruwan. Idan suna da yawa a raba su, don suna cizon wutsiyar juna.

Kun ji aikin da ke ciki. Shi ya sa masanan suke roƙon jama'a: idan ka ga ɗan kunkuru lafiyarsa ƙalau, kada ka kai shi gida. Ba maraya ba ne. Haka aka tsara masa. Iyaka, idan yana kan titi, ka ɗauke shi ka ajiye a bakin ruwa mafi kusa, cikin ciyayi.

Akwai kuma maganar lafiyarmu. Kunkuru yakan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna salmonela a jikinsa da kashinsa, shi ba ta dame shi ba. Amma idan ta shiga cikin mutum tana kawo gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara. Saboda ita ne a shekarar 1975 gwamnatin Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba, wato kamar santimita 10, domin yara suna wasa da su, har su kai baki. Iyaye mata, wannan ta shafe mu. Yaron da ya kamo kififiya a kududdufi da damina, ko ya yi wasa da kunkurun gida, ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa hannu a kwano. Da sabulu, ba ruwa kawai ba.

Sannan ɗan santimita 3 ɗin nan ba zai tsaya a haka ba. A Japan an riƙa shigo da su ana sayarwa don kiwo a gida. Da suka girma suka gagari masu su, sai aka riƙa zubar da su a ruwa. Suka hayayyafa a tafkin Inba da ke lardin Chiba, kusa da Tokyo. A 2005 dokar ƙasar ta sa su cikin baƙin halittu masu ɓarna, kuma har yanzu hukuma tana kama su da tarko.

Ga kashi na ƙarshe, kuma shi ne ya fi damuna.

Idan cikin ƙwai 1,000 ɗaya ne yake girma, ta yaya irin bai ƙare ba? Amsar ita ce tsawon rai. Idan kunkurun ya girma, ƙoƙonsa ya yi tauri, kusan babu dabbar da take iya masa. Macen takan yi ƙwai shekara bayan shekara, shekaru da dama. Yawancinsu a cinye. Wata shekarar a dace, 'yan kaɗan su tsira. Da haka take maye gurbin kanta.

A gandun dajin Algonkwin na Ontariyo, wani masani mai suna Ronald Brooks na Jami'ar Guelph ya fara bin waɗannan kunkuru a 1972. Shi da ɗalibansa suna yi wa kowanne alama, suna auna shi, suna sake shi, kuma aikin ya ci gaba shekaru da dama. Sun gano cewa a wannan wuri mai sanyi, mace takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi ƙwan fari. Sun kuma ga alamun cewa wasu suna iya kai shekara 100.

A ƙarshen shekarun 1980, sai karnukan ruwa suka gano inda kunkurun wani tafki na wannan daji mai suna Sasajewun suke kwanciyar hunturu. Suka kashe manya da yawa a cikin 'yan shekaru. Daga baya kisan ya tsaya. Dajin a kiyaye yake, babu mai farauta. Amma fiye da shekara 20 bayan haka, da aka sake ƙidaya, yawansu bai dawo yadda yake ba. Fiye da shekara 20. Rasa ƙwai ɗari, irin ya saba da wannan. Rasa uwa ɗaya babba, wannan ne ba ya jurewa.

Yanzu ku tuna irin wurin da uwar take nema don ta haƙa rami. Ƙasa mai yashi da tsakuwa, inda rana take bugawa. Ina aka fi samun haka a ƙasar da ta cika da hanyoyi? Gefen titi. Don haka a watan Yuni, manyan mata masu ɗauke da ƙwai su ne suke hawa kwalta, su ne mota take takawa. Ga kuma masu kama su don nama, ana miya da su a can, ana kuma fitar da su zuwa kasuwannin Asiya. Shi ya sa Ontariyo ta haramta farautarsu a 2017. A 2022 kuma, a taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Panama, aka sa su cikin jerin dabbobin da ba a fitar da su daga ƙasa sai da izini.

Muna da 'yan uwa masu karatu da masu aiki a Amurka da Kanada, wasunsu suna jin mu ta intanet. Idan kuka ga babbar kunkuru a kan titi, ga abin da masu kula da su suke koyarwa. Ka fara duba lafiyarka, kada ka tsaya inda mota za ta buge ka. Kada ka ɗaga ta ta wutsiya. Wutsiyar haɗe take da ƙashin baya, nauyinta zai iya gurɗe shi. Kada ka kama ta ta gefe, domin wuyan yana lanƙwasowa baya har wajen rabin ƙoƙon. Ka tsaya ta bayanta. Ka riƙe ƙarshen ƙoƙon, saman ƙafafun baya. Ko ka tura ta kan shebur, ko kan shimfiɗar ƙafa ta mota, ka ja. Ka kai ta ɓangaren da ta nufa, ba inda ta fito ba. Idan ka mayar da ita baya, za ta sake hawowa titin. Kada kuma ka ɗauke ta zuwa wani tafki da kake ganin ya fi kyau, domin wurinta ta sani. Idan ta ji rauni, ka sa ta a akwati mai iska, babu ruwa, babu abinci, ka kira masu kula da namun daji na yankin. Ko ta mutu ma ka kira su, wataƙila ƙwan da ke cikinta suna da rai.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu dawo gida mu duba kada da yadda take renon 'ya'yanta.